Shekara Biyu a Kumasi, Har Yanzu Baƙuwa Ce Ni

Assalamu alaikum Hajiya. Ni budurwa ce 'yar shekara ashirin daga arewacin Najeriya, ina aji biyu a wata jami'a a nan Kumasi ta ƙasar Ghana. Mahaifina ne ya kawo ni saboda yajin aikin malamai ya ishe shi a gida. Karatu yana tafiya, amma zaman ya gagare ni. Idan aka haɗa mu aikin rukuni, za a fara da Turanci, kafin minti biyar a koma Twi, yaren mutanen garin, a yi ta dariya, a raba aiki, ni dai sai a jefo mini nawa kason a WhatsApp. Da yake da dala muke biyan kuɗin makaranta, kowa gani yake kuɗi ne da ni, alhali Allah kaɗai ya san abin da babana ya sayar. Wani ɗan ajinmu ya taɓa cewa a gabana wai a yi hattara da 'yan Najeriya. Mutum ɗaya na samu ta riƙe ni tsakani da Allah, wata 'yar zango, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi, har gidansu ta kai ni na yi salla ƙarama. Rannan muna hira cikin mutane ta ce "yarinyar ya tafi", sai na yi dariya na ce ai Hausarku ta nan ba Hausa ba ce, ku dai kuna kwaikwayo ne. Wallahi da wasa na faɗa. Tun ranar, wata biyu ke nan, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na tura mata saƙo na ce in ta ji haushi ta yi haƙuri, ta amsa da "ba komai", shi ke nan. Yanzu daga aji sai ɗaki, sai 'yan ƙasarmu da muke haɗuwa muna zagin garin. Ina so in ce wa babana ya mayar da ni gida, amma ina jin nauyin kuɗin da ya kashe. Me zan yi?

Wa'alaikumus salam, 'yata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce daga aji sai ɗaki. Yarinya mai shekara ashirin, nesa da uwa, cikin gari mai cike da jama'a irin Kumasi, ta rasa wanda za ta ce wa kaina na ciwo, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada ki bari kowa ya ce miki shagwaɓa ce. Abubuwan da kika lissafa kuma suna faruwa, ba mafarkinsu kika yi ba. Sai dai ba da Twi zan fara ba, ba kuma da dala ba. Da ƙawarki zan fara, domin a ganina nan ne kan zaren yake, in aka warware shi sauran za su yi sauƙi.

Ni haifaffiyar zango ce a garin nan. Aure ya taɓa kai ni Kano, kuma ban manta ranar da na buɗe baki a cikin mata a gidan suna, wata ta kwaikwayi maganata, ɗakin ya ɗauki dariya. Su a wurinsu wasa ne, zuwa la'asar sun manta. Ni kuwa na yi watanni ina auna kowace kalma kafin in furta ta. Shi ya sa na san inda maganarki ta sauka a zuciyar yarinyar nan, kuma ina so ki san shi ke ma, ba don in ƙara miki damuwa ba, sai don haƙurin da za ki ba ta ya dace da girman ciwon.

Hausa ba jiya ta zo ƙasar nan ba. Fatake ne suka kawo ta, masu bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina zuwa kasuwar Salaga, su kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 jama'ar garin suka watse, wasu suka yi Kete Karachi, wasu Yeji, wasu daga baya suka gangaro Kumasi bayan Turawan Ingila sun shige ta. Kalmar zango ma ai kin san ta, masaukin ayari ce. A cikin zangon nan Bahaushe ya zauna da Mosi da Dagomba da Zabarma da Kotokoli da Wangara da Fulani da Yarbawa, kowa da yarensa, Hausa ta zama harshen da ake ciniki da shi, ake wa'azi da shi, ake ɗaura aure da shi. Harshen da ya ratsa bakuna masu yawa haka dole ya sauya kama. Bambancin "ya" da "ta" ya faɗi, ƙ da ɗ da ɓ suka yi laushi, kalmomin Twi da Turanci suka shigo. Wannan ita ce Hausar da aka yi wa ƙawarki rarrashi da ita tana jaririya, da ita kakarta take yi mata addu'a. Ba kwaikwayon kowa take yi ba.

Ga kuma abin da baƙo ba ya gani. Ɗan zango yakan girma ana tambayarsa asalinsa. Kakan kakansa a Kumasi aka binne shi, amma in ya faɗi sunansa sai a ce, to daga ina kuka zo? A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zanguna suka girgiza, aka raba gidaje, mutanen da ba su san wata ƙasa ba sai wannan suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da a labari kawai suka san su. A 1983 kuma gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin nata, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka kwaso kaya suka dawo, har jakar nan mai ratsi-ratsi ta samo sunan da kika san ta da shi. Tsofaffinmu ba su manta ko ɗaya ba. To ki duba: a gari ana ce wa ƙawarki ke ba 'yar nan ba ce, Bahaushiya ce. Sai ga Bahaushiya daga tushe, wadda ta kai gida ta zuba wa abincin salla, ta ce mata a gaban mutane ke ma ba Bahaushiya ba ce. Ina aka bar mata ta tsaya? Kaɗaicin da kike ji shekara biyu, wani yankinsa ita da shi ta tashi. Ina kyautata zaton shi ya sa ma ta jawo ki tun farko, ta gane baƙunta a fuskarki.

Saƙon da kika tura bai isa ba, kuma kalmar da ta ɓata shi ita ce "in". In kin ji haushi, wato ni ban ga laifina ba, amma tunda kin ɗauka da zafi, to ga haƙuri. "Ba komai" da ta mayar miki kuwa, ke ma kin san a bakin 'yar mutunci ma'anarsa akwai komai, ba na dai son a ja maganar ne. Zumunci a ƙafa yake. Ki zaɓi ranar da ba aji, ki sanar da ita kina tafe gaida Mma, ki riƙe ɗan abin hannu daga tsarabar gida, ko kilishi ne, ko yaji, ko turaren wuta. Ki fara durƙusawa ki gaida mahaifiyarta yadda ya kamata, domin ita ma ta lura kin ɗauke ƙafa. Sannan ki keɓe da ƙawarki ki faɗi abin da kika yi da sunansa: na yi wa harshenki dariya a gaban mutane, bayan kin karɓe ni kamar 'yar'uwa, ban kyauta ba, ki yafe mini. Kada ki ƙara da "ai wasa nake". Ta riga ta san wasa kike, wasan ne ya yi ciwo. In ta fara magana ki bar ta ta kai aya, ko da ta haɗo da wasu abubuwan da ba ki san kin yi ba, domin mai yiwuwa wannan dariyar ba ita ce ta farko ba, ita ce dai ta fito fili. Kuma tunda a gaban mutane kika faɗa, ranar da zama ya sake haɗa ku da su, ki janye maganar a gabansu, a taƙaice, ba tare da kin mayar da abin taro ba.

Zai yiwu ta yafe amma ta ɗan ja jiki. Wannan haƙƙinta ne, kada ki matsa. Ki ci gaba da gaisuwa, ki tuna da ita ranar Juma'a, ki tambayi jikin tsohuwa. Ita ma da nata ɗan laifin, da ta ja ki gefe tun a makon farko ta ce abin nan ya sosa mini rai, da ba a kai wata biyu ba. Amma ba ke ce za ki faɗa mata haka ba, ba yanzu ba dai.

Sai maganar Twi, wanda mu a zango muke ce wa Tonanci. Turanci ne harshen karatu a Ghana, kuma aikin da za a ba maki a kansa, a raba shi da harshen da ɗaya daga cikin masu aikin ba ta ji, rashin adalci ne, ba sai an yi masa kwaskwarima ba. Amma kafin ki yanke cewa da gayya suke yi, ki tuna ajinku na sakandare. Idan ku shida ne Hausawa, da yarinya ɗaya 'yar kudu, minti nawa kuke yi cikin Turanci kafin baki ya zame? Kun ƙi ta ne? Kumasi cibiyar Asante ce, a kasuwar Kejetia, a cikin motocin haya na tirotiro, a rediyo, Twi ne ke mulki, har 'yan Ghana da suka zo daga Bolga ko Ho suna irin kukan da kike yi. Dariyar da kike ji ma, sau tari ba ke ake yi wa ba, amma wanda ba ya jin yare duk dariya tasa ce.

Abin da na ga yana aiki shi ne kada ki kai ƙorafi ga rukunin gaba ɗaya, domin mutane in an tsare su a taro kare kai suke yi. Ki duba wadda ta fi sakin fuska a cikinsu, ki same ta ita kaɗai ki ce mata kina rasa abin da aka yanke, ki roƙe ta in an zo raba aiki ta mayar da maganar Turanci. Sannan ki ɗauki wani aiki da zai sa dole a bi ta kanki: ki ce ke za ki riƙa rubuta abin da aka cimma kina turawa kowa bayan zama. Mai riƙe da alƙalami ba a tsallake ta. In kin yi haka sau biyu sau uku abin bai canza ba, ki sami wakilin aji, in ya gagara ki sami malamin darasin, ki yi masa bayani cikin ladabi ba tare da kiran sunan kowa ba. Manyan jami'o'i suna da ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje da kuma ofishin shugaban harkokin ɗalibai. Cikin dalar da babanki ya biya har da haƙƙin ki ƙwanƙwasa ƙofarsu.

Amma 'yata, shekara biyu a garin mutane, kalma nawa kika riƙe daga yarensu? Ba na cewa ki iya zance, gaisuwa nake nufi. "Maakye" da safe, "Ɛte sɛn" don tambayar lafiya, "medaase" don godiya, "mepa wo kyɛw" wato don Allah. Wannan ta ƙarshen ita ce sirrin abin da kike ji 'yan Ghana suna sa "please" a gaban kowace magana, har a gaban e da a'a. Saboda haka idan kika ce wa mai shago "ba ni ruwa" kai tsaye, ke a wurinki magana ce kawai, shi a kunnensa umarni ne, daga nan ake cewa 'yan Najeriya suna da izza. Za su yi dariya in kin karya harshe, ki bar su su yi, su gyara miki, wanda ya gyara miki kalma yau gobe shi zai fara gaishe ki. Kuma kin ga, za ki ɗanɗani abin da ƙawarki ta ji, sai dai ke kin shirya masa.

Akwai wata ƙofa da baƙi ba su cika lura da ita ba, ita ce ta mutuwa. Tonawa, wato mutanen Asante, ba sa wasa da makoki. Ranar Asabar za ki ga gari ya cika da baƙaƙe da jajayen tufafi, ana zaune a ƙarƙashin rumfuna, ana ba da gudummawa. Idan aka yi wa ɗan ajinku rasuwa aka ce a haɗa kuɗi, ki sa naki ko sidi (kuɗin Ghana) kaɗan ne, ki same shi ki yi masa ta'aziyya, in ajin za su je a rana kuma kina da hali, ki bi su ki gaisa ki dawo. Ba sai kin shiga abin da addininki bai yarda da shi ba. Wanda kika tsaya masa ranar kuka ba zai ƙara kallonki a matsayin 'yar dala ba. Babban Limamin ƙasar nan, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya taka har cocin Katolika a Accra a 2019, shekarar da ya cika ɗari, don girmama maƙwabtaka, bai kuma rage komai daga Musuluncinsa ba. Irin zaman da aka saba da shi a ƙasar ke nan.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗalibin gida yana jin adadin da baƙo ke biya, ya lissafa shi da sidi, ya ga abin da iyayensa ba za su tara ba cikin shekaru, sai ya ɗauka duk wanda ya biya shi attajiri ne. Bai san cewa tun da aka sakar wa kasuwa darajar naira a watan Yuni na 2023 iyaye da yawa kadara suke sayarwa ba. Ba dole ne ki buɗe wa kowa sirrin gidanku ba. In an nemi rance ki ce babu, da fara'a, sau ɗaya, ba tare da rantse-rantse ba. In mai sayarwa ya ji harshenki ya ninka farashi, ki tambayi 'yar gari kuɗin abu kafin ki fita. Shi kuma wanda ya ce a yi hattara da 'yan Najeriya, magana ce mara kyau, kuma ba laifinki ba ne wasu sun ɓata suna. In ya maimaita, ki dube shi cikin natsuwa ki ce, ni 'yar Najeriya ce, me na yi maka? Yawanci a nan maganar take mutuwa. In abin ya zama tsangwama ta kullum, wannan na hukumar makaranta ne, ki rubuta rana da abin da aka faɗa ki kai.

'Yan ƙasarku da kike zama da su, ban ce ki rabu da su ba. Mutum yana buƙatar inda zai yi magana ba tare da ya fassara kansa ba, inda za a dafa miyar kuka a tuna gida. Abin da nake tsoro shi ne zaman zagin gari. Yana da daɗi a lokacin, amma duk daren da kuka yi shi, washegari fuskarki a ɗaure za ki shiga aji, su kuma su ce kun gani, ba ta son mutane, ke kuma ki ce kun gani, ba sa kula ni. Haka katangar take ƙara tsawo, kowane ɓangare yana ɗora nasa bulo yana zargin ɗayan. Ki rage wannan zaman. Ki nemi wuri ɗaya da za ki riƙa haɗuwa da 'yan ƙasa a kai a kai kan wani aiki, ba don neman ƙawa ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, wadda ake kira GMSA, tana da rassa a manyan makarantu, a can za ki tarar da 'yan zango da Dagomba da Tonawa Musulmi, ki karɓi ko sharar masallaci ce ko rabon abincin buɗa-baki. Ki kuma fita ki ga garin da kike ciki. Ki ci waakye a wurin Hajiyoyin zango, ki ji yadda sunan ya fito daga wake namu, haka kooko da koose da tuo zaafi. Ki je fadar Manhyia ranar Akwasidae, bikin da ake yi duk mako shida, ki ga yadda Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu yake zaman fada, sai ki kwatanta da hawan da kika sani a gida. In kin dawo ki tambayi 'yar ajinku ma'anar abin da kika gani. Ba wanda ba ya son a tambaye shi labarin gidansu.

'Ya'yana na zango da ke karanta wannan, ku ma da ku nake. Kun fi kowa sanin zafin a ce maka baƙo, kuma ku kaɗai ne kuke jin Hausa da Twi da Turanci a lokaci ɗaya. Idan kuna cikin rukuni aka juya harshe, baƙuwa ta yi zuru, jimla ɗaya daga bakinku ta isa.

Komawa gida kuwa ba abin kunya ba ne, kuma ban rufe miki wannan ƙofar ba. Amma kada ki yanke hukunci a cikin watannin da kika rasa ƙawa, domin yanzu komai baƙi kike ganinsa. Sauya makaranta daga ƙasa zuwa ƙasa ba ya zuwa da sauƙi, mai yiwuwa ba za a karɓi duk darussan da kika ci ba, ki koma baya da shekara. Yajin aikin da babanki ya guje wa ma kin san shi, na 2022 wata takwas ya ɗauka. Ki ba kanki zuwa ƙarshen wannan zangon karatu, ki gwada abubuwan nan da gaske. Kafin nan ki faɗa wa mahaifiyarki ko wata babba da kika yarda da ita halin da kike ciki, kada ki riƙa cewa lafiya lau a waya kina kashewa kina kuka. Babanki ya sayar da abin da ya sayar ne don ki zama mutum, zai fi son ya ji gaskiya da wuri. Idan kuma kika ga barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, karatu ba ya zama, ko kina jin rayuwar ma ta ishe ki, kada ki jira ƙarshen zango, ki je sashen ba da shawara na makaranta ko asibiti a makon nan, ki kuma kira gida a ranar.

Asabar mai zuwa ki shirya tsarabarki ki hau mota zuwa zango. In kin isa ƙofar gidan gabanki zai faɗi, ki yi sallama duk da haka. Ki rubuto mini ki faɗa mini yadda Mma ta karɓe ki, da abin da ƙawarki ta ce. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ki abin da kika zo nema.